Tambayi Likita: Ruwan Burtsatse, Makilin da Haƙoran Jarirai

Tambayoyin wannan fitowa duk a kan sinadarin fulorayid suke, wanda ke cikin man goge baki, kuma yake cikin ruwan wasu rijiyoyi tun daga ƙarƙashin ƙasa. Likitocin haƙori da na yara na wannan fili ne suka amsa.

Wata ma'aikaciya daga Mabera: Likita, barkanku da aiki. Ɗiyata wata huɗu gare ta. Da hutun haihuwa ya ƙare na koma aiki, sai munka sa ta kan madarar gwangwani, da ruwan burtsatsen gidanmu nike dama mata. Yayanta mai shekara bakwai ya yi famfara, sababbin haƙoransa na gaba sun fito da farin dabbare-dabbare. Anka ce mini ruwan ne. Shin in na tafasa shi sosai ya wadatar?

Malama, tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta taɓa fulorayid. Tururi ne ke tashi, sinadarin yana nan cikin tukunya. Idan kika bar ruwa bisa wuta har ya ƙone zuwa rabi, abin da ke cikin kowane kofi ya ninka. Saboda haka da ya tafasa ki sauke, kuma ki daina ƙara sabon ruwa a kan ragowar na jiya cikin buta.

Ga lissafin da ya sa muke damuwa da jaririn gwangwani fiye da kowa a gidan. Jariri yana shan kusan mililita 150 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. 'Yar wata huɗu mai kilo 6 za ta sha wajen mililita 900, kusan lita guda, kuma kusan dukkansa ruwan damu ne. Iyakar da masana abinci suka sa wa jariri ɗan ƙasa da wata shida ita ce miligiram 0.7 na fulorayid a yini. In ruwanki yana da miligiram 0.3 a lita, ta sha 0.27, babu damuwa. In yana da 0.7, ta kai bakin iyaka. In kuwa yana da 1.5, wato adadin da Hukumar Lafiya ta Duniya da ma'aunin ruwan sha na Najeriya suka ce kada a wuce, to ta sha kusan 1.35, ninki biyu na iyakarta. Ki lura, ruwan da doka ta yarda babba ya sha yana iya yi wa jaririn gwangwani yawa. Garin madarar shi kansa ɗan kaɗan yake ɗauke da shi, ruwan ne ke kawo mafi yawa.

Nonon uwa kuwa bai cika wuce miligiram 0.01 a lita ba, ko da uwar tana shan ruwa mai fulorayid da yawa, don jikinta ba ya barin sa ya ratsa cikin nono sai ƙalilan. Duk shayarwar da kika samu yi da asuba, da dare, da ranakun hutu, ragi ce. In za ki iya tatsa ki bari a ba ta da kofi, ya fi.

Dalilin da ya sa shekarun farko suke da muhimmanci shi ne, haƙoran girma na gaba suna fara ginuwa cikin dasashi tun jariri yana wata uku zuwa huɗu, ɓawonsu ba ya kammala sai wajen shekara huɗu zuwa biyar. Akwai ƙwayoyin halitta masu shimfiɗa wannan farin ɓawo, su fara da wani abu mai laushi, daga baya su janye shi su cika gurbin da ma'adinai. Fulorayid in ya yi yawa cikin jini yana hana janyewar ta kammala, sai ɓawon ya fito da ƙananan ƙofofi, kamar bulon da aka yi wa rowar siminti. Farin da kike gani a bakin yayanta waɗannan ƙofofin ne ke mayar da haske. In abin ya yi tsanani, bayan haƙorin ya fito sai ya riƙa tsotsar launin abinci ya koma ruwan ƙasa, wani har ya riƙa ɓantarewa. Wannan shi likitoci ke kira fulorosis. Ga manyan haƙoran sama na gaba, lokacin da ya fi haɗari shi ne tsakanin wata 15 da wata 30. Yaro in ya wuce shekara takwas, haƙoran da ake gani sun gama ginuwa, ruwa ba ya ƙara yi musu tabo.

Abin yi yanzu: ki kai ruwan a auna. Kafin sakamako ya fito, ki dama mata da ruwan kwalba ko na leda na kamfanin da ke tacewa da injin da masu sana'ar ke kira R.O., don shi ne ke cire mafi yawan fulorayid. Lambar NAFDAC a jikin leda ba ta nufin da wannan injin aka tace, sai an tambaya. Shi ma a tafasa, a bari ya ɗan huce, kada ya wuce minti 30, don ana so zafinsa ya kai digiri 70 lokacin da ya haɗu da garin. Abin da ta rage bayan awa biyu a zubar.

Wani magidanci daga Sabon Birni: Muna da dangi a Tibiri ta ƙasar Maradi, mun ga abin da ruwa ya yi wa yaransu. Garinmu an haƙa sabuwar burtsatse mai zurfi, ruwanta garau, ba ɗanɗano. Ta yaya za mu gane lafiyarta?

Alhaji, garau ɗin ba shaida ba ce. Fulorayid ba shi da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Abin da ya faru a Tibiri ma da ruwa mai kyaun gani ya faru: rijiya mai zurfi da aka haƙa a shekarun 1980, fulorayid ɗinta ya ninka iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau uku, aka yi shekaru ana sha kafin a gane, yara da yawa suka tashi da jajayen haƙora da karkatattun ƙafafu. A Najeriya ma an san Langtang a Filato da Kaltungo a Gwambe da wannan matsala.

Daga duwatsun da ruwa ke kwanciya a cikinsu yake samo sinadarin. Ruwan kogi da na madatsa irin ta Goronyo, da ruwan sama, yawanci kaɗan suke da shi. Ruwa mai zurfi da ya daɗe cikin dutse shi ya fi ɗauka, musamman in ba shi da sinadarin kalsiyam sosai. Rijiyoyi biyu a unguwa ɗaya suna iya bambanta ƙwarai in zurfinsu ba ɗaya ba ne, shi ya sa sakamakon maƙwabci ba ya wadatar da kai.

Ku samu gorar roba mai tsabta, kada ku yi amfani da ta gilashi. Ku bar famfon ya zuba na 'yan mintoci, ku ɗauraye gorar sau uku da ruwan, ku cika rabin lita, ku rubuta sunan rijiya da kwanan wata. Ku nemi ɗakin gwajin ruwa, na hukumar ruwa ko na sashen kimiyyar sinadarai a jami'a, ku faɗa musu ƙarara cewa fulorayid kuke so a auna, don gwajin ƙwayoyin cuta daban ne. A ba ku amsa a rubuce, miligiram nawa a lita. Ƙarshen rani ya fi dacewa da ɗiba.

In ya fito ƙasa da 0.7, ku sha hankali kwance. Tsakanin 0.7 da 1.5, manya su sha, amma a nema wa jariran gwangwani wani ruwa. A nan muna ɗan tsaurarawa fiye da littafi, saboda a zafin Afirilu da Mayu, da ma'auni ke haura digiri 40, yaron Sakkwato yana shan ruwan da yaron ƙasar sanyi ba zai sha ba. Sama da 1.5, a bar shi ga wanki da wanka da alwala, kada 'yan ƙasa da shekara takwas su sha, kada a dama musu kunu da shi. Daga 3 zuwa sama, ƙashi ma yana cikin haɗari in an daɗe ana sha, wannan kuma magana ce ta gari gaba ɗaya, a kai ta ga hakimi da ƙaramar hukuma.

Tace ruwa da ƙyalle, ko barin sa ya kwana a randa, ko ƙaramin matacin gida mai gawayi, duk ba sa cire shi. Akwai dabarar alif da farar ƙasa da aka fito da ita a Indiya, da ta gawayin ƙashi, suna aiki in masani ne ya auna. Ba ma so a yi wa jariri su da ka a gida. Mafi sauƙi shi ne a gauraya ruwan da wani mai ƙarancin sinadarin, ko a tari ruwan sama da damina bayan ruwan farko ya wanke kwano, a rufe, a tafasa kafin a sha.

Wata amarya daga Arkilla: Ɗana wata bakwai, haƙora biyu sun fito ƙasa. Innata ta ce a bar makilin sai ya iya tofarwa, ƙanwar mijina ta ce a fara yanzu. Wa ke da gaskiya?

Ki gaida Inna, tsoronta yana da tushe, amma a fara yanzu. Abin lura shi ne yawan da ake sawa.

Amfanin fulorayid a saman haƙori yake, ba sai ya shiga ciki ba. Duk sanda yaro ya sha zaƙi, ƙwayoyin cutar da ke manne a haƙori suna mayar da sukarin tsami, tsamin ya fara narkar da ɓawo. Miyau yana ɗaukar kamar rabin awa kafin ya wanke shi ya fara mayar da abin da ya narke. In akwai ɗan fulorayid cikin miyau, gyaran yana sauri, kuma sabon ɓawon ya fi jure tsami. Wannan ruɓewa ita ce mutane ke cewa tsutsa ta ci haƙori. Babu tsutsa, sukari ne da tsami. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man goge baki mai fulorayid cikin jerin muhimman magunguna.

Daga haƙorin farko zuwa shekara uku, ɗan shafe kawai, girman ƙwayar shinkafa ɗaya. Wannan bai wuce miligiram 0.1 zuwa 0.15 na fulorayid ba, ko ya haɗiye duka ba komai. Daga uku zuwa shida, girman ƙwayar masara. In kika ja man daga farkon buroshi zuwa ƙarshe yadda ake nunawa a talla, kin sa wajen giram guda, wato miligiram 1 zuwa 1.5, kuma iyakar ɗan shekara ɗaya zuwa uku a yini duka 1.3 ce. Ƙaramin yaro yana haɗiye mafi yawan abin da aka sa masa a baki. To ki ga yadda sau biyu a yini zai kai shi.

Ki duba bayan kwalin. Ki nemi lamba 1000 zuwa 1450 da haruffan ppm a gabanta. Wasu kamfanoni kashi suke rubutawa: 0.22% ko 0.76% daidai suke da 1000, 0.32% kuwa 1450 ne. Na yara masu 500 ko ƙasa da haka ba su da ƙarfin kariya sosai, masu ɗanɗanon alewa kuma suna sa yaro ya riƙa lasa.

Ki zauna bisa tabarma, ki kwantar da shi kansa a kan cinyarki, ki ɗaga leɓensa na sama da yatsa don ki ga inda haƙori ya haɗu da dasashi, nan ne ruɓewa ke farawa. Ƙaramin buroshi mai laushi, ki danna man cikin gashinsa don kada ya lashe tun kafin a fara. Sau biyu, da safe da kuma daf da barci. In kin gama ki share kumfar da tsumma mai tsabta. In ya iya tofarwa, ya tofar, kada ya kurkure da ruwa, don kurkurewa tana wanke amfanin. Babba ne zai riƙa matsa man kuma ya goge masa har wajen shekara bakwai. Asuwaki yana cire datti sosai kuma ba ma hana shi, sai dai ba ya maye gurbin wancan shafen na dare.

Abu ɗaya da ke rushe duk wannan ƙoƙari: fida mai madara da sukari, ko shayi, ko lemo, a bakin yaro yana barci. Miyau yana raguwa da dare, zaƙin ya kwana a kan haƙoran sama.

Wani uba daga Gidan Igwai: Yarona ɗan shekara biyu ya ɗauki makilin ya tsotse. Da haɗari?

Ya danganta da abin da ya tafi. Lasa ɗaya ko biyu, sai dai tashin zuciya. Inda ake tsoro shi ne miligiram 5 a kan kowane kilo: ga yaro mai kilo 10, wajen giram 35 ke nan na mai 1450, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na babban tubu. In ya kusa haka, ko ba a san yawan ba, ko yana amai, dalalar miyau, ciwon ciki ko kasala, a ba shi madara ya sha, don kalsiyam yana riƙe sinadarin cikin ciki, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, a tafi asibiti nan take tare da tubun. Daga yau kuma a ajiye shi inda ake ajiye magani.

Wata kaka daga Wurno: Jikata shekarunta uku, haƙoranta na sama sun yi ja sun fara guntulewa. Ina goge mata da gawayi da gishiri, ba ya fita.

Hajiya, a dakata da gawayin, yana kankare ɗan ɓawon da ya rage. Haka toka da lemun tsami.

Yadda kika kwatanta, mun fi zaton ruɓewa ce, ba tabon ruwa ba. Tabon fulorayid da shi haƙori ke fitowa, yana kama dama da hagu daidai, wurin da tauri, ba ya ciwo, kuma za ki ga irinsa a bakin sauran yaran da ke shan rijiya ɗaya. Bai cika kama haƙoran yarinta na gaba ba, don su tun a ciki suka yi nisa da ginuwa. Ruɓewa kuwa haƙorin lafiya lau yake fitowa, daga baya wani farin layi mai kama da alli ya bayyana a gindinsa, ya koma rawaya, ya yi laushi, ya fashe. Na sama huɗu take fara ci, na ƙasa su tsira don harshe yana rufe su.

Akwai wasu biyu da ake rikitawa da su. Maganin ƙarin jini na ruwa yana sa baƙi a sama-sama, likita yana goge shi. Kafson nan ja da rawaya, tetarasaikilin, da ake fasawa a ba yaro wai don zawon haƙori, shi cikin haƙorin yake shiga, ya bar launin toka ko rawaya har abada. Ba a ba ɗan ƙasa da shekara takwas, ba a ba mai ciki.

A kai ta sashen haƙori, a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wani mafi kusa. Kada a ce ai za ta yi famfara. Turamen yarinta suna zama har shekara 10 zuwa 12, kuma ƙurji a saiwarsu yana iya ɓata na girma da ke ƙarƙashi. Akwai man fulorayid mai ƙarfi da likita ke shafawa da ɗan buroshi duk wata uku zuwa shida, yana tsayar da ruɓewar da ba ta yi rami ba. In kuwa kika ga dasashi yana jini, baki yana wari ƙwarai, kunci ya kumbura, musamman ga yaron da ya rame ko ya tashi daga ƙyanda, ranar za a kai shi. Haka cutar noma ke farawa, kuma a Sakkwato akwai asibitinta na musamman.

Shi tabon fulorayid ɗin in ya tabbata, mai sauƙi ba ya buƙatar komai. Mai launi ana iya kankare samansa kaɗan a asibiti, ko a haskaka shi, ko a rufe da farin abin cike haƙori in yaro ya girma.

Wata uwa daga Bodinga: Gaskiya ne shayi da kanwa suna da shi?

Ganyen shayi yana tara fulorayid daga ƙasa, kofi mai kauri yana iya fin ruwan rijiya. Ga sukari, ga shi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke gina jini. Ba abin karin kumallon ɗan shekara ɗaya ko biyu ba ne. Kanwa kuwa, 'yar'uwarta da ake haƙowa a Tanzaniya an tabbatar tana jawo tabon haƙori, kuma yawan sinadarin yana bambanta daga tafki zuwa tafki. Mai jego in ta sha kununta ba zai bi nono ba, amma kada a ɗura wa jariri, a kuma rage ta a abincin ƙananan yara.

Wani malamin makaranta daga Tambuwal: Ana yaɗawa a WhatsApp cewa fulorayid yana dakushe ƙwaƙwalwar yara. Wani mai kemis kuma yana sayar da na ɗigawa a baki don ƙarfin haƙori. Wanne za mu bi?

Malam, kada ka sayi na ɗigawar. An yi shi ne don yaran da aka auna ruwansu aka ga kusan babu sinadarin, kuma likita ya ga suna cikin haɗarin ruɓewa. Ɗan ƙasa da wata shida ba a ba shi ko kaɗan. A wurin da ba a san abin da ke cikin rijiya ba, ɗiga shi ƙari ne bisa abin da ba a auna ba.

Maganar ƙwaƙwalwa tana da asali, an dai yanke mata kai da ƙafa. A shekarar 2024 wata hukumar binciken guba ta gwamnatin Amurka ta fitar da rahoto cewa akwai alaƙa tsakanin shan ruwa mai sama da miligiram 1.5 a lita da raguwar makin gwajin basira ga yara. A kan 0.7, adadin da Amurka ta ba da shawarar sawa a ruwan famfo a shekarar 2015, rahoton ya ce hujjar da ke hannu ba ta isa a yanke hukunci ba. Duk maganar a kan abin da ake sha ce yau da gobe, lita bayan lita, ba ta shafi ƙwayar shinkafar da ake shafawa a haƙori ba. Idan rijiyar makarantarku ita ɗalibai ke sha tun daga ajin rainon yara, ka kawo maganar auna ta a taron iyaye da malamai na gaba, a liƙa sakamakon a ofishin hedimasta inda kowane uba zai gani.